Direban NVIDIA ya ƙi shiga Linux, wai fayilolin kanel ba su cika ba

Katin hotona ya lalace ne?

A'a. Katin lafiyarsa ƙalau.

To me ake nema?

Wani ɓangare na direban a kwamfutarka ake gina shi, daidai da kanel ɗin da ke aiki a lokacin, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan kwamfutar. Ginin kuwa yana buƙatar fayilolin wannan kanel ɗin. A Ubuntu da Debian ka saka linux-headers-$(uname -r), a Fedora kuma kernel-devel. Kada ka manta da gcc da make, kayan aikin da ake ginin da su.

Na saka, har yanzu ya ƙi.

Ka sake kunna kwamfutar? Sau da yawa mutum ya sabunta kanel, ya sauko da fayilolin sabon, alhali tsohon ne ke aiki. Buga uname -r, ka leƙa /lib/modules/ ƙarƙashin wannan lambar, ka ga ko build yana nuna wurin da yake akwai.

Na sauko da cikakken tushen kanel daga kernel.org, amma an ce version.h ba ya nan. Yaya haka?

Nan ne sai an bi a hankali, domin amsar ta danganta da inda kanel ɗinka ya fito. Ɗanyen tushe bai cika ba sai an shirya shi. Wasu fayiloli, har da version.h, wajen gini ake samar da su. Idan kanel ɗin na kamfanin rarrabawa ne, irin su Ubuntu ko Fedora, ka bar tushen kernel.org gaba ɗaya, ko da lamba ta zo ɗaya, saboda sukan yi masa gyare-gyarensu. Idan kai ka gina shi, kwafo saitinsa daga /boot/config-$(uname -r), ko ka warware /proc/config.gz in akwai, ka sa masa suna .config, sannan make oldconfig da make modules_prepare. Galibi wannan ya isa. Na ce galibi, don modules_prepare ba ya samar da Module.symvers, in an kunna CONFIG_MODVERSIONS, wataƙila sai ka yi cikakken gini. Akwai kuma wani tarko: tun daga kanel 3.7 version.h ya koma include/generated/uapi/linux/, don haka tsohon direba zai ci gaba da nemansa a tsohon wuri. Wasu sukan ƙulla mahaɗi su yaudare shi. Yana iya wucewa, yana iya faɗuwa a gaba. Ni dai sabon direba nake ba da shawara.

Na yi make mrproper don tsabta.

Wa ya aike ka? Ya share .config. Da make clean ka yi, da ya bar abin da direban ke buƙata.

Dole duk sabunta kanel in sake wannan wahalar?

Ba dole. Yi amfani da DKMS, manhajar da ke sake gina direban da kanta duk lokacin da aka sabunta kanel, ko ka ɗauki direban daga ma'ajiyar rarrabawarka. Kwantar da hankalinka.

Ina zan ga ainihin kuskuren?

/var/log/nvidia-installer.log. Karanta shi kafin ka sake tambaya, Malam.