Me Ake Nufi Da "Najeriya Ta Rattaba Hannu"?

Tun hayaniyar da ta tashi a watan Yulin 2024 kan Yarjejeniyar Samoa, wato ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Pasifik, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Brussels, "rattaba hannu" ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi. Daga shirye-shiryen Hausa na rediyo har majalisun hira a Agege da Idi-Araba, zancen ɗaya ne: gwamnati ta rattaba hannu, shi ke nan, abin ya zama doka a kanmu. Masu fafutukar kare haƙƙi ma haka suke faɗa idan yarjejeniyar ta yi musu daɗi. Kuskurensu ɗaya ne, domin abubuwa uku mabambanta muke cusawa cikin kalma guda.

Na farko sa hannu, wanda minista ko jakada ke yi a wurin taro. Wannan kamar baiko ne: an nuna niyya, kuma bai kamata a yi abin da zai rusa manufar ba. Na biyu tabbatarwa, inda ɓangaren zartarwa zai aika takardar amincewa a ajiye, a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya ko ta Tarayyar Afirka a Addis Ababa. Nan an ɗaura aure, nauyi ya hau kan ƙasa a idon duniya. Na uku shi ne tarewa, wato Majalisar Tarayya ta mayar da yarjejeniyar dokar gida. Kafin amarya ta tare, alƙalin da ke zaune a Ikeja bai san da ita ba a matsayin doka. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya faɗi haka, kuma duk littafin shari'a da ɗaliban makarantar horar da lauyoyi ta Victoria Island ke riƙewa kan wannan fanni sai ya tsaya a kansa. Abin haushi, wasu da suka karanta shi su ne ke zuwa rediyo su shafe shi.

A nan Legas aka gwada maganar. Ranar 30 ga Janairun 1996 jami'an tsaro suka ɗauke lauya Gani Fawehinmi daga gidansa, aka tsare shi ƙarƙashin Dokar Soja ta 2 ta 1984, wadda ta ba da damar kulle mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma ɗaure hannun kotuna. Babi na huɗu na kundin tsarin mulki, inda haƙƙoƙin ɗan ƙasa suke, sojoji sun riga sun toshe hanyarsa. Sai lauyoyinsa suka bi wata ƙofar: Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981. Dabarar ba ta dogara da cewa Najeriya ta sa hannu ba. Ta dogara da cewa a 1983 majalisa ta kwashi yarjejeniyar ɗungurungum ta mayar da ita dokar ƙasa, wadda yau take Babi na A9 a kundin dokokin tarayya na 2004. Babbar Kotun Tarayya ta ce ba ta da hurumi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saɓa mata. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 28 ga Afrilun 2000, kusan shekara biyu bayan rasuwar Janar Abacha wanda sunansa ke kan ƙarar. Abin da ya fito daga hukuncin shi ake koyarwa har gobe: yarjejeniyar da ba a mayar dokar gida ba, ba ta da ƙarfin doka a kotunanmu, wadda aka mayar, kamar ta Afirka, tana da ƙarfi fiye da sauran dokokin majalisa idan suka ci karo, amma kundin tsarin mulki yana samanta, kuma majalisar da ta shigo da ita tana iya fitar da ita. Masu son kafa hujja da shari'ar Gani sukan riƙe tsakiyar, su yar da farko da ƙarshe.

Amfanin wannan a aikace ga shi. A ce an tsare ɗan acaɓa kwana 10 ba a kai shi kotu ba. Lauyan da ya san aikinsa zai shigar da ƙara bisa ƙa'idojin tabbatar da haƙƙi na 2009, ya kafa da sashe na 35 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba da kwana ɗaya idan akwai kotu cikin kilomita 40, ya ƙara da sashe na 6 na yarjejeniyar Afirka. Idan ya jingina ƙararsa kacokan a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙoƙin jama'a da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, lauyan gwamnati zai tashi da sashe na 12. Iyakar abin da za ta yi masa shi ne taimaka wa alƙali wajen fassara.

Haka yarjejeniyar kawar da wariya ga mata: an tabbatar da ita a 1985, amma ba ta tare ba, kuma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi a Maris 2016. Ta haƙƙin yara kuwa an tabbatar a 1991, aka yi dokar tarayya a 2003, sai dai sha'anin yara na jihohi ne, don haka Legas ta yi tata a 2007. Sashe na 12 ya tanadi cewa a irin wannan lamari sai rinjayen majalisun jihohi sun amince kafin shugaban ƙasa ya sa hannu a ƙudurin. A ganina shingen nan yana da kyau, domin bai kamata abin da mutum biyar suka amince da shi a Brussels ya hau kan mai sayar da tumatir a Mile 12 ba tare da wakilinsa ya ce uffan ba. Abin ƙin shi ne yadda gwamnatoci ke shan tafi a waje, su dawo gida su ɓuya a bayansa shekara 40.

Ba ko'ina ake haka ba. Tsallaka Seme, a Jamhuriyar Benin, yarjejeniyar da aka tabbatar aka wallafa tana hawa kan dokokin majalisa kai tsaye, bisa salon Faransa. Mu ma muna da ƙofar gefe: gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da aka tabbatar ko da majalisa ba ta taɓa su ba. Sai Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda tun 2005 ke karɓar ƙarar take haƙƙi daga ɗaiɗaikun mutane. Ita ɗaurin auren take dubawa, ba ruwanta da tarewa. Amma idan ka yi nasara, takardar hukuncin hannun gwamnatin da ka kayar za ta koma domin aiwatarwa.