Wane kwas ne "kimiyya" a lissafin GPA na shiga makarantar likita a Amurka?

A Amurka yawanci sai ɗalibi ya gama digirin farko kafin ya fara karatun likita. Yawancin makarantun da ke ba da digirin likita na MD suna karɓar takardu ta tsarin AMCAS na AAMC, ƙungiyar makarantun likita ta Amurka, wanda ke sake lissafa makin kowa da ma'auninsa, ba ruwansa da abin da jami'a ta rubuta a ƙasan takardar sakamako.

Me ake nufi da GPA na kimiyya?

AMCAS na raba kwasa-kwasai gida biyu. Na farko ana ce masa BCPM, wato bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi. Duk sauran suna shiga gida na biyu, AO. Kowane gida da matsakaicin makinsa, wato GPA, kuma na BCPM shi ne GPA na kimiyya; sannan a haɗa su a fitar da na gaba ɗaya. Masu tantancewa sun fi zuba ido a kan BCPM, domin shi ya fi kusa da irin karatun da ke jiran ɗalibi.

Sunan sashe ake dubawa ko abin da aka koyar?

Abin da aka koyar. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Ƙa'idar ita ce a duba abin da ya fi rinjaye a cikin kwas ɗin, ko da wane sashe ne ya koyar da shi. Kwas ɗin ƙididdiga da sashen ilimin halayyar ɗan Adam ya koyar lissafi ne, matuƙar ƙididdigar ce tushensa. Kwas kan aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yakan shiga bayoloji, ko da lambarsa ta wani sashe ce. Amma tarihin kimiyya tarihi ne, ko da malamin bayoloji ya tsaya a gaban allo.

Saboda haka, kada a yar da manhajar kwas. Takardar nan da malami ke rabawa a makon farko, mai jerin darussa, ita ce hujja ranar da aka yi jayayya.

Waɗanne kwasa-kwasai ne ke yaudarar mutane?

Da yawa suna kama da kimiyya amma ba sa cikin BCPM: aikin jinya, kiwon lafiyar jama'a, ilimin abinci mai gina jiki, haɗa magunguna, aikin gona, ilimin duwatsu da ƙasa, injiniyanci da ilimin kwamfuta. Dukkansu suna shiga AO. A ɗaya ɓangaren kuma, ilimin taurari yana ƙarƙashin fiziks, bayokemistiri yana ƙarƙashin kemistiri, ƙididdigar lafiya kuma lissafi ce.

Yaya ake yin lissafin?

A kan ma'aunin 4.0 ne, ba 5.0 da aka saba gani a jami'o'in Najeriya ba. A daidai take da 4.0, A- 3.7, B+ 3.3, B 3.0, C 2.0, F sifili. A+ ma 4.0 ce, babu ƙari. Ana ninka makin kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit.

Misali: bayoloji mai yunit 4 da A ya ba da 16, kemistiri mai yunit 4 da B ya ba da 12, ƙididdiga mai yunit 3 da A- ta ba da 11.1. Jimilla 39.1, a raba da 11, an sami 3.55. Jami'ar da ke aiki da tsarin kwata (zango huɗu a shekara) maimakon simesta, ana ɗaukar yunit ɗinta a matsayin biyu bisa uku na yunit ɗin simesta. Kwas ɗin da aka yi a kan "ci ko faɗi" kawai, ba tare da harafi ba, ba ya motsa lissafin idan an ci.

Idan na faɗi kwas na sake shi fa?

Duka biyun ake lissafawa, ko da jami'arka ta shafe na farkon. Kemistiri mai yunit 4 da aka sami F sannan A, matsakaicinsa 2.0 ne. Kwas ɗin jami'a da ɗalibi ya ɗauka tun yana sakandare ma yana ciki. Makin digiri na biyu kuwa daban ake nuna shi, ba ya ɗaga na digirin farko.

Wa ke rarraba kwasa-kwasan, kuma za a iya ƙalubalanta?

Mai nema ne ke zaɓar rukunin kowane kwas. Daga nan ma'aikatan AMCAS su gwada abin da ya cike da takardun da jami'o'i suka aiko, kuma suna da ikon sauyawa. Wanda bai gamsu ba yana iya neman gyara bayan tantancewa, ya kawo bayanin kwas ɗin. Shawararmu: kada a tura kwas cikin BCPM don kawai an sami A a cikinsa, ko a fitar da shi don an sami C. Ma'auni ɗaya ake bi a duka, wanda za ka iya karewa da manhaja a hannu.

Haka dokar take a ko'ina?

A'a. AACOMAS, tsarin makarantun da ke ba da DO, wani nau'in digirin likita, ba ya sa lissafi a cikin GPA na kimiyya, kuma tun 2017 ya daina maye tsohon maki da sabo. TMDSAS, tsarin karɓar takardu na jihar Texas, yana sa lissafi, da nasa jagorar rarrabawa. Ɗalibi ɗaya na iya fitowa da lambobi uku mabambanta.

Wanda ya yi digiri a Najeriya ko Nijar fa?

AMCAS ba ya tantance takardun jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, don haka makinsu ba ya shiga lissafinsa. Makarantu da yawa suna so a yi kwasa-kwasan share fage a jami'ar Amurka ko Kanada, kuma daga waɗannan ne BCPM ɗin mai nema zai fito. Yawan yunit ɗin da ake buƙata ya bambanta, sai a duba sharaɗin kowace makaranta kafin a biya kuɗin rajista.