Hatsin karin kumallo mai "ƙarin furotin": ku juya kwalin kafin ku biya

Kwalin hatsin karin kumallo, irin su kwanfileks da ot da makamantansu, fuska biyu gare shi. A gaba ake zuba manyan baƙaƙe: ƙarin furotin, rangwame, sayi biyu a ba ka ɗaya. A baya ko a gefe kuma akwai ɗan jadawali mai ƙananan rubutu, wanda doka a ƙasashe da yawa ta tilasta wa kamfani ya buga. Duk hukuncin da za ku yanke, na lafiya ne ko na aljihu, daga wannan jadawalin ya kamata ya fito.

Furotin shi ne sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da fata da shi. Baligi mai lafiya yana bukatar kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan giram 48, mai kilo 70 giram 56. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana bukatar kusan giram 19 a yini guda. Masu juna biyu da masu shayarwa bukatarsu ta fi haka, tsofaffi ma ƙwararru da dama suna ba su shawarar giram 1 zuwa 1.2 a kan kilo saboda tsokarsu na zaizayewa. Ku riƙe waɗannan alƙaluman, da su za a auna abin da kwali ke alkawari.

Jadawalin yakan zo da layi biyu: abin da ke cikin giram 100, da abin da ke cikin "ci ɗaya". Layin giram 100 kaɗai ake kwatanta kwali da kwali da shi, domin ci ɗaya kamfani ne ke tsara girmansa, ko kuma dokar ƙasa ta bar shi ya bambanta gwargwadon nauyin hatsin. Wani kwalin ci ɗayansa giram 30 ne, wani 45, wani 55. Idan aka ninka yawan abin da aka zuba a kwano, dole furotin ya ninku, ba tare da hatsin ya ƙara komai ba.

An ga wannan ƙarara a Amurka. A shekarar 2015 wata ƙungiyar kare masu saye mai suna Center for Science in the Public Interest ta kai kamfanin General Mills kotu a kan hatsinsa na karin kumallo mai suna Cheerios Protein. A lokacin, Cheerios na asali yana da furotin giram 3 da sukari giram 1 a ci ɗaya na giram 28. Mai sunan furotin ɗin yana da giram 7, amma a ci ɗaya na giram 55, kuma da sukari har giram 17 a nau'insa mai zuma. Ku mai da su kan giram 100 ku gani: furotin kusan 11 a na asali, kusan 13 a sabon. Sukari kuwa daga ƙasa da giram 4 ya haura giram 30. Wanda ya sayi kwalin don furotin, sukari ya fi kwasowa.

Ko kalmar da ke gaban kwalin ma tana da mizani, kuma ba shi da tsauri kamar yadda ake zato. A dokar Tarayyar Turai ta 2006, abinci zai iya kiran kansa tushen furotin idan kashi 12 cikin ɗari na kuzarinsa daga furotin yake, ya kira kansa mai yawan furotin idan ya kai kashi 20. Giram ɗaya na furotin kalori 4 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin abinci. Hatsin da ke da kalori 380 a giram 100 yana bukatar furotin giram 11 da ɗoriya ne kawai ya samu suna na farko, giram 19 ya samu na biyu. Ot zalla, wanda ba a ƙara masa komai ba, yana da giram 11 zuwa 13. Wato ya riga ya taka wannan matakin na farko tun daga gona, ba a kuma caje ku kuɗin tambari ba.

Yanzu a sauko kan kwano. Kwanfileks na yau da kullum yana da furotin kusan giram 7 a giram 100, don haka ci ɗaya na giram 30 kusan giram 2 ne kawai. Hatsin da aka ƙara wa furotin da gaske, a ce mai giram 20, zai ba da giram 6 a wannan kwanon. Ratar giram 4 ce. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Madarar shanu mililita 125, rabin kofi, tana da kusan giram 4. Garin madara giram 15, wajen cokali biyu na cin abinci, shi ma kusan giram 4. Gyaɗa giram 20, ɗan abin da tafin hannu zai ɗauka, giram 5. Duk ratar da ake biyan ƙarin kuɗi dominta, ɗaya daga cikin waɗannan ya cike ta. Ku kuma lura, wasu kwalayen adadin da suke bugawa a gaba har da madarar da ake sa ran za ku zuba, sai a rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a ƙasa.

Bayan yawa akwai inganci, kuma a nan ne aka fi barin mai saye a duhu. Furotin haɗin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, sai daga abinci. Hatsi gaba ɗaya, masara ce ko alkama ko shinkafa, yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran, mai suna laisin. Idan laisin ya yi kaɗan, jiki ba ya iya amfani da sauran yadda ya kamata wajen gini. Gasawa da zafin injin da ake sarrafa hatsin kwali da shi kuma suna ƙara lalata ɗan laisin ɗin da ke akwai, musamman idan da sukari a haɗe. Saboda haka ku duba jerin kayan haɗi ku ga daga ina ƙarin furotin ɗin ya fito. Idan gulutin ne, wato furotin alkama, lamba ta hau a jadawali amma giɓin laisin yana nan. Idan daga waken soya ne, ko wani nau'in wake, ko madara, ya fi amfani, domin waɗannan suna da laisin wadatacce. Wannan ne ma dalilin da ya sa madarar da aka zuba a kan hatsi take gyara furotin ɗin hatsin kansa, ba ƙara masa yawa kaɗai take yi ba.

Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Idan sukari ya zo na biyu ko na uku, kun san inda aka dosa. Wani lokaci ana rarraba shi da sunaye daban-daban: sukari, ruwan gulukos, zuma, ruwan malt na sha'ir, kowanne kaɗan-kaɗan don kada ɗaya ya hau saman jeri. Layin jimillar sukari a jadawali shi ke tona wannan. Mizanin da ake amfani da shi a Birtaniya yana da sauƙin riƙewa: sukari giram 5 ko ƙasa a giram 100 kaɗan ne, sama da giram 22.5 ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, kusan giram 50 ga baligi mai cin kalori 2,000, kuma in an sauko zuwa rabin haka ya fi. Ƙaramin cokalin shayi giram 4 ne. Kwano mai sukari giram 17 ya haura cokali huɗu, ga yaro kuwa, wanda rabonsa bai kai na babba ba, wannan babban kaso ne tun da sassafe.

Gishiri ma a duba: sama da giram 1.5 a giram 100 ya yi yawa, in kuma sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, aka rubuta sai ku ninka shi sau biyu da rabi ku samu yawan gishirin. Fayiba, zaren abincin da ke cikin dusar hatsi, giram 6 ko fiye a giram 100 shi ne mai kyau, kuma yana taimakawa a daɗe ba a ji yunwa ba.

Wasu masu ƙarin furotin ɗin sukarinsu kaɗan ne ƙwarai, amma an maye shi da kayan zaƙi irin su maltitol, ko an zuba inulin, wani nau'in zaren abinci, don fayiba ta hau. Ba guba ba ne, sai dai suna kumbura ciki, su sa iska da zawo idan aka ci da yawa, yara sun fi saurin ji. Duk wanda ya sauya hatsi ya ga cikinsa ya rikice, ya fara duba waɗannan sunayen.

Sai batun rangwame. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma a nan matsalar ita ce sau da yawa ba arahar ba ce ma. Ku raba kuɗin kwali da nauyin da aka rubuta a jikinsa, ba da girman kwalin ba, domin ana rage abin ciki a bar kwali yadda yake. A ce kwali mai giram 500 kuɗinsa 10 ne, a kowane irin kuɗi, wani mai giram 375 an yi masa rangwame ya dawo 8. Na farko giram 100 ya kama 2, na biyu 2.13. Mai jan tambarin rangwamen shi ya fi tsada. Idan kuma furotin kuke saye, ku lissafa na kwalin gaba ɗaya: mai giram 320 da ke da giram 20 a kowane ɗari, furotin giram 64 ke ciki, kusan na ƙwai goma sha ɗaya. Ku kwatanta kuɗin biyun a inda kuke.

Kayan da aka karya wa farashi sau da yawa ranarsu ce ta matso. Ranar da ke jikin busasshen hatsi galibi ta inganci ce: bayanta zai iya rage ƙamshi da ƙaras-ƙaras, wasu bitamin su ragu, ba wai ya zama haɗari nan take ba matuƙar ledar ciki a rufe take kuma a bushe. Masu gyaɗa, kwakwa ko 'ya'yan itatuwa masu mai su ne ba sa jira, domin man ciki yana lalacewa ya yi ɗaci da warin tsohon mai, zafi kuma na gaggauta hakan. Kada ku ɗauki kwalin da ya jiƙe, ko ledarsa ta huje, ko kuka ga gari da saƙar ƙwari a gindinsa. Sayen uku a lokaci guda riba ce ga gida mai yara da yawa, inda giram 500 ba ya wuce kwana huɗu ko biyar. Mutum ɗaya kuwa kwali guda zai kai shi mako biyu, na ukun zai daɗe a ajiye. Da an buɗe, a juye a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da murhu.

Akwai amfani ɗaya na hatsin kwali da bai kamata a raina ba: yawancinsu an ƙara musu sinadarin ƙarfe da bitamin B. Wasu bitamin ɗin fesa su ake yi a bayan hatsin, sai su narke cikin madara, don haka a shanye wadda ta rage a kwano. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, a ba shi tazarar awa guda, lemu ko wani ɗan itace mai bitamin C kuma yana ƙara tsotsarsa.

Masu ciwon ƙoda kada su koma hatsi mai ƙarin furotin sai da izinin likitansu, domin sau da yawa ƙayyade musu furotin ake yi. Wanda jikinsa ba ya karɓar gulutin, soya, madara ko gyaɗa ya karanta jerin kayan haɗi a kowane saye, kamfanoni suna sauya haɗi ba tare da sun sauya kwali ba. Masu ciwon sukari su duba jimillar sitaci da sukari tare, su kuma auna abin da suke zubawa da ma'auni ko kofi ko da sau ɗaya ne, domin yawancin mutane suna zuba fiye da ci ɗayan da aka rubuta. Jariri ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ake ba shi, hatsin manya bai dace da shi ba ko bayan nan, mai zuma kada a ba shi kafin shekara ɗaya, mai gyaɗa guda-guda kuma yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara biyar ba.