Yarona ya fi ƙarfin ajinsu: me zan yi masa a gida?

Ta yaya zan gane yaro mai baiwa?

Ba zuwa na ɗaya kaɗai ba ne alama. Dubi yaron da za a biya masa allo sau ɗaya ya riƙe, ko 'yar shekara 6 da ke gyara wa mai kanti lissafin canji. Wani ma a aji ana ce masa ba ya ji, alhali maimaita abin da ya riga ya gane ne ya gundure shi.

Tambayoyinsa sun ishe ni. In kwaɓe shi?

Don Allah kar ki kwaɓe shi. Wannan "ka cika surutu" da muke yi wa yara tana ƙona mini rai, domin ita ke rufe bakin haziƙi. A ce a tsakiyar zafin Afrilu ya tambaye ki me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Ki cika su duka biyu, ku ajiye a inuwa, da la'asar ya tsoma hannu, ya kuma shafa jikin randar ya ji danshi. Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Bari ya yi ta lalube har ya kusa amsar, sannan ki ƙarasa masa. In abin ya fi ƙarfinki, ku je wurin wanda ya sani tare.

Ba mu da kuɗin kwamfuta fa.

In a Sakkwato kuke, ita kanta makaranta ce. Ku kai shi gidan tarihi na Waziri Junaidu ya ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya tsaya wurin majema ya ga yadda ake jeme fata, babansa ya koya masa dara. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gida ta tashi cikin karatu, har ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

A tsallakar da shi aji?

Ku fara zama da malaminsa. Wani ƙarin aiki mai wuya kawai yake buƙata. In ya gama firamare, akwai makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya a Suleja, NECO ke shirya jarrabawar shiga.

Yabo fa?

Ki yabi ƙoƙarinsa. Amma a daina kiransa gaban baƙi ya zo ya nuna bajinta, a daina yi wa 'yan'uwansa gori da shi. A aike shi ɗebo ruwa kamar kowa, da yamma kuma a bar shi ya fita ƙwallo da sa'o'insa.