Waiwaye: Kakar 1973/74 da Ta Haifi Maki Uku a Gasar 'Yan Dagaji ta Ingila

Yau duk mai kallon ƙwallo ya san cewa wanda ya ci wasa maki uku yake ɗauka, kunnen doki kuma maki ɗaya. Ba manyan ƙungiyoyi ne suka fara wannan tsari ba. Wata gasa ce ta 'yan dagaji a Landan da kewayenta, mai suna Isthmian, ta gwada shi a kakar 1973/74.

An kafa gasar a 1905 da ƙungiyoyi shida, kuma London Caledonians ce ta fara lashe ta. Waɗanda suka assasa ta sun ɗauki wasa don kuɗi a matsayin zubar da mutunci, har ta kai a farkon lamari ba a bai wa zakara kofi ko lambar yabo, wai daraja kaɗai ta wadatar. Babu hawa zuwa rukuni na sama, babu faɗuwa zuwa na ƙasa; sai an zaɓe ka kake shiga.

A baki ke nan. A ɓoye kuwa, an daɗe ana cusa wa 'yan wasa kuɗi cikin takalmi bayan an tashi, shugabanni suna kawar da kai. Ƙungiyar Wimbledon dai ta daina ɓoye-ɓoye: bayan ta ci gasar a 1963 da 1964, sai ta fice ta koma biyan 'yan wasanta a fili.

Kakar 1973/74 ce ta rushe tsohon gini. Kamfanin taba na Rothmans ya zuba kuɗin tallafi, abin da magabata za su kira abin kunya. Aka buɗe rukuni na biyu, wanda Dagenham ta lashe, don haka hawa da faɗuwa suka shigo. Sannan aka ɗaga ladan nasara daga maki biyu zuwa uku. Dalilin a bayyane yake: idan canjaras rabin nasara ce, ƙungiyar da ta je baƙunta za ta tare ragarta ne kawai ta jira busa. Da aka ƙara maki ɗaya, zaman jiran ya daina riba. Wycombe Wanderers, ƙarƙashin koci Brian Lee, ita ta zama zakara a wannan kaka.

A 1974 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta soke bambanci tsakanin ɗan dagaji da ƙwararre, kowa ya zama ɗan wasa kawai. Kofin 'yan dagaji ma ya zo ƙarshe, inda Bishop's Stortford ta doke Ilford da ci 4-1 a Wembley a wasan ƙarshe.

Manyan rukunonin Ingila sai a 1981 suka rungumi maki uku, bayan Jimmy Hill, tsohon ɗan wasa kuma mai sharhin ƙwallo, ya yi ta fafutuka a kai, shi ya sa akan jingina masa tsarin, a manta da ƙananan filayen da aka fara gwajin. Gasar cin kofin duniya ta bi sahu a Amurka a 1994.