Abin da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta tanadar wa mai ciki, mai jego da matashi

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda aikinta kawai killace mai taɓin hankali. Sabuwar ta ɗauke shi a matsayin majinyaci mai haƙƙi: a yi masa magani, a rufa masa asiri, a nemi yardarsa muddin yana iya yanke shawara, kada a wulaƙanta shi ko a kore shi daga aiki don ciwonsa. Ta kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ta kuma ce a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitocin matakin farko.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar mata. Asibitin da mace ke zuwa awo, ko take kai jariri rigakafi, nan ya kamata a fara tambayarta barcinta da halin zuciyarta. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki, da kusan kashi 20 na masu jego, suna fama da lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Akwai takardar gwaji mai tambayoyi 10 da ake kira Edinburgh, minti biyar ta isa a cike ta. Idan ma'aikaciyar ba ta tambaya ba, mai awo ta faɗa da bakinta.

Dangi su rarrabe abu uku, don a nan ake yawan kuskure. Kuka ba dalili da saurin fushi daga kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi, yana wucewa kafin mako biyu. Idan ya haura mako biyu, ba ta cin abinci, jariri ya yi barci ita ta kasa, tana cewa ba ta da amfani, ko ta daina sha'awar ɗaukar ɗanta, ciwon damuwa ne, kuma yana jin magani. Na ukun ne mai haɗari, yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko: sambatu, kwana ido biyu, jin muryoyi, cewa an musanya mata jariri. Wannan a kai ta asibiti a ranar, kada a ce sai an yi suna ko an gama arba'in. A auna hawan jininta da zafin jikinta, domin jijjigar haihuwa da zazzaɓin jego su ma suna rikita hankali. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana a je asibiti, amma duka da ɗauri da mari cin zarafi ne, kuma dokar ta kare majinyaci daga gare su.

Wadda dama take shan maganin ƙwaƙwalwa ta samu ciki kada ta yanke shi da kanta, yankewar ce ke dawo da ciwon da ƙarfi. Ta gaya wa likita da wuri, musamman idan valproate take sha, wani maganin farfaɗiya da ciwon ƙwaƙwalwa, saboda yana illata ɗan tayi, akwai wanda za a sauya mata.

Matasa kuwa, kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke somawa. Yaron da ya daina fita, karatunsa ya zube, ko ya faɗa shan tiramadol da kodin, asibiti yake buƙata. Kowa ya tuna samamen da 'yan sanda suka kai wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Wanda bai kai shekara 18 ba, iyaye ko waliyyi ne ke ba da izinin magani, amma a saurari bakinsa, a yi masa bayani yadda zai gane.

Giɓi biyu na nan. Dokar ba ta soke sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa, Penal Code, ba, wanda ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tsoron haka kuma na sa dangi su ɓoye yarinyar da ta sha guba har lokaci ya ƙure. Ceton rai ne farko, a garzaya da ita. Na biyu, ƙananan asibitoci na hannun jihohi da ƙananan hukumomi, sai kowace jiha ta karɓi dokar ta ware kuɗi ta horar da ma'aikata kafin mai awo a ƙauye ta gani a ƙasa. Inda ƙaramin asibiti ya gaza, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri.