Mene ne "jelo" a bidiyon jirgi mara matuƙi?

Idan ka taɓa kallon bidiyon biki ko na hawan sallah da aka ɗauko daga sama, ka ga katanga tana lanƙwashewa, turakun wuta suna rangaji kamar kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana, to abin da masu harkar ke kira "jelo" ke nan. Sunan ya samo asali ne daga Jell-O, wani kayan zaƙi na Amurka da ke karkarwa da zarar an taɓa farantinsa.

Abu biyu ne ke haɗuwa su haifar da shi. Yawancin kyamarorin da ake ɗaura wa waɗannan jirage idonsu na ciki nau'in CMOS ne, wanda ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa. Ga kuma injina huɗu suna ta aiki. Injin da ke juyawa sau 6,000 a minti ɗaya, in farfelarsa ba daidai take ba, sau 100 yake jijjiga jirgin a kowace daƙiƙa. Kafin kyamara ta kai layin ƙasa ta riga ta gusa daga inda ta ɗauki na sama, sai abin da yake miƙe ya fito a karkace.

Da yawa suna ɗauka gimbal ne maganinsa. Gimbal, wato maƙalin nan mai ƙananan injina uku, aikinsa riƙe kyamara daidai idan jirgi ya karkata ko iska ta ture shi. Ƙanƙanuwar girgiza mai sauri kuwa ta fi ƙarfinsa, shi ya sa ake rataye shi a kan 'yan robobi masu laushi. Robar nan in zafi ya busar da ita ta sandare, ta tashi aiki. In kuma ta cika laushi, sai kyamara ta kama lilo, a gudu ba a tsira ba.

Ni dai a ganina, daga farfela ake farawa. Duk wanda ya kwana a ƙarƙashin fankar sama mai lanƙwasasshen fiffike ya san yadda take kaɗa kai. A ɗora farfela a kan sandar awo, wato 'yar sandar da ake zura wa a ramin tsakiyarta don gwada nauyin ɓangarorinta: ɓangaren da ya fi nauyi zai rinjaya ƙasa, sai a manna ɗan selotef a ɗaya ɓangaren har ta tsaya a kwance. Wadda ta tsage ko bakinta ya ɓalle, a yar kawai, kuɗinta bai kai na sake ɗaukar biki ba. Sannan a juya kowane inji da yatsa. In an ji ƙaras-ƙaras, ƙura ta shiga boris, abin da ba a rasa shi da hunturu. A bi notuna a ɗaure.

Akwai kuma gilashin ND, tabarau ne na kyamara. A rana mai ƙwalla kyamara kan ƙifta da saurin 1/2000 na daƙiƙa, komai ƙanƙantar girgiza sai ta bayyana. Gilashin kan rage haske a dawo wajen 1/60 ga mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, girgizar ta narke cikin hoton. Ɓoye ta yake yi dai, tana nan.

Manhajoji irin su Gyroflow, ko HyperSmooth da kamfanin kyamara na GoPro ya fito da shi a 2018, suna gyara tangaɗin jirgi sosai, amma jelon da ya yi yawa ba sa iya wanke shi a kwamfuta.